Ranar da Na Kashe Malam Ɗanjumma Sau Biyu

Baba na zaune kan tabarma yana shan koko sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ajiye ludayi, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Luba, miƙo min hula. Malam Ɗanjumma na Giwa Tazo ya rasu." Na ɗauko hular, na leƙa wayar ta bayan kafaɗarsa don in ga yadda rubutun ya fita, domin ni na haɗa abin da ke aika saƙon. A can ƙasa, inda nake sa 'yar lamba don in san irin sanarwar, sai na ga sha ɗaya. Lambar rasuwa bakwai ce. Sha ɗaya ta neman addu'a ce ga mara lafiya. Hular ta suɓuce daga hannuna.

Tun da na dawo kuke ta tambayata, ku 'yan ajinmu na kwamfuta, kowa da irin labarin da ya ji a gari. Idan na buɗe baki zan faɗa sai muryata ta kama rawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in huta.

Ga wanda bai sani ba, ƙungiyar manoman albasa da Baba yake ciki tana da ofis a Aliero, mambobinta kuma sun bazu har Jega da ƙauyukan Maiyama. Da na gama koyon kwamfuta wurin Anti Rifkatu, ita ta samo mini aikin haɗa musu bot, wato ɗan shiri mai amsa saƙo da aika sanarwa a waya. Sakataren ƙungiya, Malam Bello, zai rubuta wa bot ɗin irin sanarwar da suna da gari da ƙarin magana in akwai, bot ya nuna masa yadda za ta fita, in ya ce e, sai ta tafi wa kowa. Akwai ta zuwan taki, ta ranar lodi, ta taro, ta suna, ta ɗaurin aure, ta rasuwa, har goma. Kowace na tashi yi, sai in kwafi ta baya in liƙa, in sauya abin da ya kamata. Ta sha ɗaya satin da ya wuce na ƙara ta, kuma daga ta rasuwa na kwafo ta, don ita ma suna da gari take nema. Ban gwada ta ba.

Ina tsaye haka wayata ta kama ruri. Malam Bello ne, ko sallama babu.

"Ke Luba! Mi kinka sa cikin abin ga? Addu'a niƙ roƙa ma mutum, ya nuna min addu'a, nic ce e, sai ga mutane na kirana suna kuka! Na koma in gyara, na sake turawa, ya sake kashe shi!"

Kafin in ce wani abu wayar Baba ta sake ƙara. Saƙon ne dai, karo na biyu. Baba ya riga ya kai zaure yana neman takalmi, na bi shi na durƙusa na ce, "Baba, kar ka tafi. Yana nan da ransa. Ni ce."

Ya fasa neman takalmin. Sannan ya zauna kan dakali, ya ce, "Kin san mutum nawa sunka hau mota yanzu?" Ku ma kun san mu, ba a jin rasuwa a tsaya bincike, ajiye komai ake yi a kama hanya kar a rasa sallar gawa. Ya ce in tafi Aliero in gyara ɓarnar, gobe da safe in same shi a tasha, shi zai kai ni gaban mutumin da ƙafarsa.

Motar Aliero ba ta daɗe ba ta cika. An matse mu mu huɗu a baya, ni a tsakiya, gefena wani dattijo mai rawani, buhunan da babu komai cikinsu na bayan kanmu suna warin albasar bara. Ba mu bar Jega sosai ba hirar ta tashi. Direba ya ce ƙanensa ya bar lodi a kasuwa ya nufi Giwa Tazo, sai a hanya aka kira shi aka ce ya juyo. Wata mata ta ce ita ta ji an ce aljani ne ya shiga wayar. Dattijon ya ce, "Wane aljani? Wata yarinya ta anka ba aikin maza. Da ɗiyata ta, aradu sai ta kwana ɗaure." Ya juyo gare ni yana neman mai goya masa baya. "Ko ba hakanan ba, ɗiyata?"

Na ce, "Hakanan na, Baba."

Wannan amsar har yau tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a bayan rumfunan albasa. Na ishe Malam Bello ya zare duk wata waya da ke jikin kwamfutar, har da ta fanka, ya lulluɓe ta da darduma. Anti Rifkatu ta riga ni zuwa. Ita 'yar Filato ce, malamar kwamfuta a wata makarantar sakandare a can Aliero, kuma ba ta iya ɓoye fushi ba, amma ranar ba ta ɗaga murya ba. Malam Bello ne ya gaya mini sauran. Sanusi, babban ɗan Malam Ɗanjumma, ya kira shi. Tsohon dama hawan jini ke damunsa. 'Yarsa da ke aure a garin Katanga ta shigo gida da kururuwa, ta faɗa ɗakinsa ta same shi zaune yana shan kunu, ta zube a sume, shi kuma jininsa ya haye har sai da aka ɗauko ma'aikacin asibiti. Sanusi ya rantse a kawo masa wadda ta yi wannan aiki ya miƙa ta ga 'yan sanda a Maiyama, kuma in wani abu ya sami ubansa, to kowa ya san bakin da ya kira masa mutuwa. Ya ƙara da cewa kada sunan ubansa ya sake fita daga wannan na'ura. Saboda haka ko saƙon gyara ba mu isa mu aika ba, sai kiran mutane ɗaya bayan ɗaya.

Anti ta yaye dardumar, ta mayar da wayoyin, ta kunna kwamfuta, ta ce, "Zauna. Nuna mini."

Ba mu yi minti biyar ba na gani. A sama na rubuta sabon rubutun addu'a, shi ne bot yake nuna wa Sakatare. A ƙasa, layin da ke aikawa, na bar shi yana ɗauko rubutun rasuwa yadda na kwafo shi. Kalma ɗaya ce ban sauya ba.

Anti ta ja shafin sama, ta ja ƙasa. Abu ɗaya sau goma sha ɗaya, kamar an jera 'yan biyu. Ta ce, "Lubabatu, ranar da na koya muku aikin da ke karɓar wani aiki, na tambaye ki kin gane, me kika ce?"

"Na ce na gane."

"Kin gane?"

Na girgiza kai. Kuna wurin, kun tuna. Maza sun cika ajin, duk sun ce sun gane, ni kuma na ji nauyin in ɗaga hannu a ce 'yar Jega ce mai taurin kai. Na ce a raina ai kwafa da liƙawa ma na yi mini aiki.

Ta ce, "Gidanku ƙofa nawa ake shiga?"

"Zaure ɗaya."

"To ke kin gina gida mai ƙofa goma sha ɗaya, kowace da nata mai gadi, kuma kina so ki tuna abin da kika gaya wa kowannensu. Gina zaure."

Da hannuna ta sa na rubuta, ba ta taɓa madannai ba. Kun san abin da muke kira fankishin, ɗan gungun umarni mai suna da ke yin aiki ɗaya. Muka rubuta babba guda, muka sa masa suna zaure. Shi ba ya san suna ko rasuwa ko taki. Abin da ake miƙa masa wani ƙaramin fankishin ne wanda aikinsa kawai ya tsara kalmomin sanarwa. Zaure ya karɓe shi, ya duba ko Sakatare ne ke magana, ya sa ƙaramin ya tsara rubutu sau ɗaya tak, ya riƙe rubutun, ya nuna, in an ce e ya aika wannan da ya nuna ɗin, ba wani ba. Sai ya mayar maka da sabon fankishin shiryayye na wannan irin sanarwar. Kowace sanarwa ta koma layi uku ko huɗu. Na riƙa goge abin da na kwashe watanni ina tarawa, ina gogewa ina kuka, Malam Bello na tambayar Anti ko lalata abin muke yi gaba ɗaya, don shi hakan ya fi so. Muka gwada duka sha ɗayan a wayoyi uku, tawa da ta Anti da tasa. Duk sun fita daidai. Ya ce shi dai ya gani, amma ba mai sa shi ya tura wa jama'a.

Magariba ta kawo jiki, Anti ta kira Baba ta ce zan kwana wurinta. Ban taɓa kwana gidan Kirista ba. Abin da ya fara tarbata kare ne, ba a ɗaure ba, wai shi Bingo, na maƙale jikin ƙofa har yaranta suka yi ta dariya. Su a tebur suke cin abinci, miji da mata da yara kwano kusa da kwano, mijin har yana tashi ya ɗauko ruwa da kansa. Na tuna Baba da ko buta ba ya ɗauka in muna gida. Kafin a ci suka rufe ido, ƙaramar ta yi addu'a, na ji sunana a ciki da na Malam Ɗanjumma. Gwaten acca aka yi, da ganye da yakuwa, mai ruwa-ruwa, ba tuwo ba miya ba. Na sa cokali uku don kar a ce na raina, na ajiye. Anti ta shimfiɗa mini wankakken zane a ɗakin 'ya'yanta, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba, ta kori karen waje.

Da safe ta raka ni bakin titi. Ta ce, "Za su ba ki hanyar gudu. Za su ce inji ne. Ke kika san abin da za ki yi da ita."

Daga Aliero ba a zuwa Maiyama sai an koma ta Jega. Na sauka a garinmu kamar baƙuwa, hijabi har gira, ina addu'a kar in gamu da ɗayanku. Baba na tsaye a tasha da babbar rigarsa ta Juma'a da ƙullin goro a leda. Bai tambaye ni ko na gyara ba. Ya ce, "Kin karya?" Na ce e, ƙarya nake.

Kafin a shiga Maiyama akwai shinge. Ɗan sanda ya ɗaga hannu, ya leƙo ta tagar da nake, ya tsaya yana kallon cikin motar. Na ce shi ke nan Sanusi ya ba su kamannina. Har na fara ɗaga hannu in ce ni ce, Baba ya danne mini gwiwa. Ashe akuyar da ke ƙarƙashin kujera yake kallo, yana tambayar ta wa ce. Da muka wuce Baba ya ce a hankali, "Ki bari mu kai tukuna." A Maiyama na hangi ofishin 'yan sanda daga nesa, na kawar da kai. Muka hau kabu-kabu biyu, nawa ya yi faci a hanya, muka tsaya gindin wata bishiya har rana ta take, wata mai tallan fura tana ba Baba labarin mutumin da waya ta kashe ya tashi.

Mun isa Giwa Tazo bayan azahar. Ba sai mun tambayi gidan ba. Tabarmin da aka shimfiɗa wa baƙin jiya suna nan ƙofar gida, da waɗanda suka zo daga nesa ba su samu komawa ba. Baba ya yi sallama ya faɗi sunansa, ya faɗi nawa. Wani dogo mai jajayen idanu ya miƙe, makullin babur a hannunsa. Ba a gaya mini ba na san Sanusi ne.

"Ita ta? To madalla. Tashi mu tai, tun 'yan sanda ba su tashi aiki ba."

Wata tsohuwa ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Kai Sanusi, gidan wa anka taɓa tambayar baƙo laihinai bai sha ruwa ba?" Mu a Jega ruwa ake kawowa a moɗa, a gaisa, a shiga magana. Su sai an dama fura a ƙwarya, babba ya fara sha, a zagaya, kuma ba mai cewa uffan kan abin da ya kawo ka sai ƙwaryar ta koma. Haka Sanusi ya zauna yana kaɗa makulli yana jira in sha furar gidansu.

Sai aka ce Malam ya ce a shigo da mu. An fito da shi zaure, an jingina shi da matasai, ɗan siriri, farin gemu, hannunsa ɗaya na rawa. Kusa da shi akwai farin yadi a naɗe. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Baba ya ajiye goro, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, ka san kayan zamani. Na'ura ta, ita ad da kuskure. Yarinya ba ta da niyyar komi."

Dattawan da ke wurin suka gyaɗa kai. Wani ya ce ai ko injin ban ruwa yakan yi gardama. Na ga ƙofar a buɗe, Baba da kansa ya buɗe mini ita, da babbar rigarsa. Malam Ɗanjumma bai kalli Baba ba, ni yake kallo.

"Ɗiyata, hakanan na?"

Na ce, "A'a, Baba. Na'ura abin da anka rubuta mata takan yi. Ni na rubuta. An koya min yadda zan yi shi daidai, na ce na gane alhali ban gane ba, don kunya. Kuma ban gwada ba."

Sanusi ya miƙe. "Kun dai ji da bakinta!"

Tsohon ya ɗaga hannun nan mai rawa. Ya ce in karanta masa saƙon, shi ba a bari ya ji ba. Na roƙe shi ya yafe mini wannan, ya ce a'a. Na karanta. Na karanta wa mutum sanarwar mutuwarsa yana kallona, har inda aka ce mutumin kirki ne mai zumunci, Allah Ya gafarta masa.

Ya ce, "Kin san ni?"

"A'a, Baba."

"To wa yag gaya miki ni mutumin kirki na?"

Na ce kowa ya rasu haka abin yake rubuta masa. Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Tsohon ya taɓa farin yadin ya ce wani abokinsa ne daga Kimba ya taho masa da likkafani, da ya same shi da rai kunya ta hana shi komawa da abinsa. Sannan ya tambaye ni ko an gyara. Na yi masa bayanin ƙofofi goma sha ɗaya da zaure guda, iyakar iyawata, ina haɗawa da shessheka. Ya saurara har ƙarshe.

"Kin gane shi yanzu, ko kunya ta?"

"Na gane, Baba."

"To mu gani. Ta ƙohwar da anka kashe ni, ta nan za a tashe ni. Kira Bello."

Sanusi ya ce, "Baba, in abin ga ya sake..." Tsohon ya ce, "In ya sake, ga ka ga ta ga babur."

A wayoyi uku kawai muka gwada. Abin da ke ta yawo a kaina ke nan lokacin da nake kiran Malam Bello. Sabis ya ƙi, sai da na fita na tsaya jikin rumbu, ana miƙo mini saƙon da Malam Ɗanjumma yake so a tura daga zaure ina maimaitawa. Malam Bello ya ce shi ba ruwansa, sai da aka kai wa tsohon wayar, aka yi sa'a sabis ya riƙe, ya ce masa, "Bello, ni na, mamacin. Tura." Ya rubuta, bot ya nuna masa, ya karanto mana. Na ce ya ce e.

Na koma na durƙusa inda nake. Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin makullin Sanusi. Na riƙa bin layukan a kaina ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na bar wata kalma. Sai wayar Baba ta yi ƙara, sai ta wani, sai ta Sanusi, zauren duk ya ɗauka. Ban iya ɗaga kai ba.

Sanusi ne ya karanta, da ƙarfi, kamar mai neman kuskure. "Ana roƙon addu'a ga Malam Ɗanjumma na Giwa Tazo, Allah Ya ba shi lafiya. Ya ce a gaya muku yana nan da ransa yana shan kununsa. Wanda ya zo jana'iza ya gode. Wanda bai zo ba, ya gani. Mai likkafani ya bar shi, ba a san gobe ba." Ya ƙara duba ƙasa. "Sai wata lamba, sha ɗaya."

Aka ce amin. Na ji Baba ya saki numfashi a gefena.

Malam Ɗanjumma ya ce, "Sanusi, aje makullin ga." Bai ajiye ba sai da aka sake faɗa. Sannan ya juyo gare ni. "Ɗiyata, tashi ki shiga ciki su ba ki tuwo, tun ɗazu nike jin cikinki na kuka. Ba mai kai ki ko'ina."

Tsohuwar nan ta zo ta kama hannuna, muka shiga ciki. Muna ƙetare tsakar gida ladan ya kira la'asar.